Turken da Na Kafa a Gefen Kabarin Wani

Duk wanda ya san ni a unguwarmu, da igiya ya san ni. Mai awo ake ce mini. Idan magada za su raba gona, ko wani zai yanka tasa fegi-fegi ya sayar, ni ake aikowa a kira, in zo da tef da guduma da damin turaku a bayan babur. Na haura shekara arba'in a wannan sana'a. Da ita na yi aure, da ita na aurar, da ita na sauke farali. Ban taɓa cin ko ƙafa ɗaya ta filin wani ba, wannan kam ko an dafa mini Alƙur'ani zan maimaita. Amma akwai wani turke guda da na kafa ina ɗan shekara sha tara, wanda har yau in na tuna shi sai tuwo ya fita daga raina. Shi ya sa na zaunar da 'yata na ce ta riƙe waya ta rubuta, ni kuma in faɗa.

An haife ni a 1963 a wani ɗan ƙauye yamma da badala, tafiyar da jaki zai yi daga Ƙofar Kabuga kafin rana ta yi zafi. Ba zan faɗi sunansa ba, don waɗanda abin ya shafa suna raye, wasu ma muna haɗuwa da su a sahu. Sunan dai yana nan bai mutu ba, sai dai yanzu a allon makarantun kuɗi za ka gan shi, ko ka ji shi a bakin 'yan adaidaita sahu suna kiran fasinja. Ƙauyen kansa babu shi.

Gandu muka tashi a ciki. Baba da ƙannensa biyu suna noma tare, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kowane saurayi kuma yana da 'yar gayaunarsa da zai shiga da yamma ko ranar da aka huta da aikin gandu. Ƙasarmu ba ta san hutu ba, kowace shekara sai an nome ta, abin da ya riƙe ta shi ne taki. Da rani mukan kora jakuna cikin birni da itace da kara, mu dawo da mangala cike da shara da toka da kashin awaki daga lungunan birni. Mutanen cikin gari suna yi mana kallon masu kwashe musu bola, mu kuwa dawa da gero muke gani a cikin mangalar. Gonar da aka yi shekara ɗari ana zuba mata wannan, ko makaho ya taka ta ya san ba daji ba ce.

Babu wanda yake da takardar gona a garinmu. Iyaka gamba ce, ko jerin aduruku, ko wata kuka da kowa ya san labarinta. Sauran kuma yana kan Mai Unguwa. Tsohon nan ya san wace gona ce gado, wace ce aro, wace ce jingina da kuɗin da aka karɓa a kanta, da wanda ya shaida. In baƙo ya zo yana neman wurin zama, Mai Unguwa zai tara dattawa a gindin ceɗiya, a yi shawara, a nuna masa wuri, ya kawo goro. In rigimar iyaka ta tashi, nan za a fara, in ta gagara a je wurin Dagaci, daga nan Hakimi, sai ta yi tsanani ƙwarai take kaiwa gaban alƙali.

Kada wani yaro ya karanta wannan ya ɗauka aljanna muka baro. Baba ɗan NEPU ne na gidi, kuma ba a banza ya shige ta ba. Ya ga yadda ake shanya mutum a rana saboda haraji, ya ga gonar wanda ya yi ƙaura ta koma hannun ɗan gidan masu sarauta ba tare da an tambayi danginsa ba. Zamanin En'e, wato hukumar sarakuna ta wancan lokaci, akwai zalunci, wanda ya musa bai zauna a ƙauye ba. Abin da kawai zan ce, azzalumin wancan lokaci ka san fuskarsa, ka san ƙofar gidansa, ka san wanda yake jin kunyarsa. Kana iya ɗaukar surukinsa ku je tare.

Takarda ɗaya Baba yake ajiyewa, ita ce rasiɗin haraji. Yana da wani gwangwanin alawa da ya cika da su, har da na kakanmu, tun zamanin da malaman taki suke zagaya gonaki suna auna su da ƙafa don a yanka wa kowa abin da zai biya. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta hau a 1979 ta soke haraji da jangali, Baba ya yanka zakara don murna. Amma gwangwanin bai yar ba. Inna ta so ta zuba daddawa a ciki, ya hana.

Abin da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne shekara guda kafin nan, a watan Maris na 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta ɗauki duk ƙasar da ke cikin jiha ta damƙa a hannun gwamna, wai amana ce zai riƙe wa jama'a. Daga ranar babu mai mallakar ƙasa, sai dai mai izinin zama a kanta. A Arewa ma abin ba sabo ba ne, Turawa sun yi irinta tun 1910, bayan cin Kano da shekara bakwai, gwamnatin Arewa kuma ta sabunta ta a 1962. Wato tun kafin a haifi Baba an riga an rubuta a wani littafi cewa gonarsa ba tasa ba ce, shi kuwa yana can yana korar jaki da taki. Babu wanda ya zo gindin ceɗiya ya karanta mana.

A 1982 na bi wani ɗan garinmu cin rani zuwa Abuja. Lokacin Shagari ne, aiki ya buɗe, duk saurayin da ke da ƙarfi can ya nufa. Muka sauka a Suleja, garin da a da shi ne Abuja kafin a karɓi sunan a ba sabon birni. Na yi sa'a wani kamfanin safiyo ya ɗauke ni, saboda na yi firamare ina iya karanta lamba. Aikina riƙe bakin tef, sare ciyawa a buɗe layi, da kafa turke inda maigidana ya nuna. Shi yana leƙa na'urarsa mai ƙafa uku, ya ɗaga hannu, ni in buga.

Mu abin da aka gaya mana, daji ne. Haka kowa yake faɗa, daji ne gwamnati za ta mayar birni. Murtala, ɗan Kano ɗan'uwanmu, shi ya yi shelar mayar da babban birnin ƙasa can a Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, kuma hujjar da aka bayar ita ce wurin yana tsakiyar ƙasa, ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilu. Wannan gaskiya ne. Sai dai rashin zama babbar ƙabila ba ya mayar da mutum itace. Duk inda muka ja layi sai mun ci karo da kunyar doya, da rumbuna, da mata ɗauke da itace a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Garki, Wuse, Maitama, Asokoro, Jabi, Utako, waɗannan da yanzu ake jin su sunayen unguwannin masu kuɗi, sunayen garuruwan mutane ne. Gbagyi ne mafi yawa, waɗanda mu muke kira Gwari, ga kuma Koro, Gade, Bassa, Ganagana da Gwandara. Da farko an ce za a kwashe kowa a fitar da shi waje a sake masa matsuguni, daga baya aka ga kuɗin ya yi yawa aka fasa, aka ce sai wanda aiki ya iso kansa. To mu ne aikin. Ganinmu da tef shi ne sanarwar.

Ina jin kunyar faɗa, amma mun raina su. Mu Hausawa har kalma muka yi da sunansu, in mutum bai iya magana ba mu ce yana gwaranci. Muna sayen doyarsu da araha, muna shan ruwan rafinsu, muna yi musu dariya.

Wata ranar Talata layinmu ya ratsa bayan wani ƙauye, ya bi ta wani ɗan tudu mai duwatsu jere. Maigidana ya ɗaga hannu. Na durƙusa zan buga ke nan sai na ji an ce, da Hausa tsab, "Samari, dakata." Wani tsoho ne da fartanya a kafaɗa. Ya gaishe ni kamar ni ne babba. Ya ce daga ina? Na ce Kano. Sai ya yi murmushi ya ce ashe ɗan'uwa ne, shi Bagwandare ne, kuma kakanninsu sun ce daga Kano suka taso, lokacin da suka ce gwanda rawa da salla. Na yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya nuna duwatsun ya ce, "Nan mahaifina yake kwance, nan nasa mahaifin. Ɗana, ku a Kano ana kafa turke a kan mutum?"

Na juya na kalli maigidana. Ya daka mini tsawa daga nesa, rana tana yi, akwai sauran turaku talatin. Na ce wa tsohon, "Baba, ni ɗan aike ne." Ya ce, "Na sani. Wanda ya aiko ka nake so in gani, shekara shida ke nan ban gan shi ba." Na matsar da turken kamar taki ɗaya daga dutsen, iyakar abin da na iya ke nan, na buga. Guduma uku. Bai ƙara cewa komai ba, ya tsaya yana kallo har muka wuce. Bayan wata biyu na sake bi ta wurin a bayan tifa, katafila ta riga ta share tudun, jar ƙasa kawai.

Na yi shekara tara a can. Na dawo gida dab da lokacin da Babangida ya tare a Abuja a Disambar 1991, da ɗan jarina da sana'a a hannu. Na tarar Kano tana cin ƙauyukanta ɗaya bayan ɗaya. Hotoro, Kawo, Sheka, Na'ibawa, Ɗorayi, Rijiyar Zaki, Kurna, duk wuraren da muka sani da dawa sun koma bulo. Manomi ya ga in ya jira gwamnati za ta zo ta yanka, gara ya riga ta, sai ya kira irina mu ja igiya, mu fitar da fegi hamsin-hamsin, mu bar ɗan lungun da mota ɗaya ba za ta juya ba. Abin da ake kira awon igiya ke nan. Masu ilimi suna zagin sa, sun ce shi ya ɓata Kano, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, babu asibiti. Ba su yi ƙarya ba, ni na ja igiyar, na sani. Amma ba su taɓa tambayar abin da ya sa mutum zai yi gaggawar yanka gonar ubansa kamar wanda ake kora ba.

Baba shi ya ƙi. Dillalai sun yi sintiri har sun gaji. Ni kaina na same shi na ce, "Baba, gari ya iso mu, a yanka tun da daraja." Ya ce, "Kai da ka saba yanka na mutane, je ka ci gaba. Wannan in na mutu ku yi abin da kuka ga dama." Ban sake tayar da maganar ba.

Shekara ta dubu biyu da 'yan kai, bayan an yi girbi an kai amfanin gona gida, wani yaro ya shigo da gudu da sassafe ya ce ga wasu mutane can a gona da mota. Na fita ko hula ban sa ba. Tun daga nesa na hango na'ura mai ƙafa uku, da wani yana ɗaga hannu, da wani ɗan saurayi durƙushe da guduma. Wallahi ƙafata sai da ta yi sanyi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Muka ɗunguma gidan Mai Unguwa, ɗan wancan tsohon Mai Unguwa da na ambata. Muka tarar shi ma labarin bai fi minti goma da iso shi ba. Ya sa rawani ya tafi wurin Dagaci, Dagaci ya ce takarda ta zo masa jiya da magariba, an ce ya ba ma'aikata haɗin kai. Mutanen da suka san kowace kuka da kowace gamba a ƙasar nan, ba a tambaye su ko a ina makabarta take ba. An zana taswirar a ofis, an raba wa fulotai lamba, har an fitar da inda za a yi shataletale, kafin wani daga cikin masu zanen ya taka wurin.

Ranar ƙidayar diyya ba zan manta da ita ba. Wani jami'i matashi, mai ladabi ƙwarai, ya zo da fayil. Ya durƙusa ya gaida Baba. Ya ƙirga ɗorawa, ya ƙirga mangwaro, kuka, rijiya ɗaya, da ɗan ɗakin da muke ajiye garma. Ya rubuta, ya ce Baba ya dangwala. Baba ya ce, "Yaro, ka ƙirga itace. Ƙasar fa?" Ya ce, "Baba, ƙasa ba a biyan ta, ta gwamnati ce. Abin da aka yi a kanta ake biya." Baba ya yi shiru, sannan ya aike ni in ɗauko gwangwani. Ya zazzage rasiɗan nan a kan tabarma, wasu sun yi ja kamar ganyen taba. Ya ce, "To in tasu ce, wannan kuɗin me muka yi ta biya, ni da ubana? Kuma takin da muka zuba shekara da shekaru, a wane layi za ka rubuta shi?" Yaron ya duba fayil ɗinsa kamar zai sami layin. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni aiko ni aka yi."

Na tashi na bar wurin, na zagaya bayan rumbu.

An ba mu kuɗin itatuwa, an kuma ce za a ba masu gonaki wani kaso na fulotan. Takardun suka ɗauki kusan shekara biyu ba su fito ba. A tsakanin nan babu noma, babu kuɗi, ga bakuna. Dillalai suka dawo, wannan karon ba gona suke saye ba, alkawari suke saye. Mutum ya sayar da fulotin da bai taɓa gani ba a kuɗin da bai kai rabin rabin darajarsa ba, ya sayi babur, ya ƙara aure, bayan shekara uku ka gan shi yana gadi a ƙofar gidan da aka gina a gonarsa. Ba misali nake yi ba, ɗan baffana ne, har yanzu yana wurin. A gidanmu kuma rabon ya tono abin da gandu ya binne. Shekara da shekaru ba a taɓa fitar wa mata gadonsu na gona ba, ana cewa ai suna ci daga rumbu. Da gona ta zama kuɗi, gwaggonnina suka zo da 'ya'yansu, kuma gaskiyarsu ce, Allah ya ba su. Sai da aka je gaban alƙali. Akwai gidaje biyu da har yau ba ma gaisawa sai a jana'iza.

Duk da haka mu mun samu wani abu. Waɗanda ba su samu ko sisi ba su ne Fulanin da ke rugar gabas da mu. Tun kakana suke wurin. Da kaka su sauke shanu a gonakinmu su ci kara su bar mana taki, matansu su kawo nono su karɓi hatsi. Akwai burtali da ya ratsa tsakanin gonaki zuwa rafi, wanda ko yaro ya san ba a shuka a kansa. Ranar ƙidaya Arɗo ya zo ya tsaya a gefe da sandarsa. Ba shi da itacen da ya dasa, bukka kuwa ba a lissafa ta a gini, burtali kuma babu shi a taswira. Fayil ɗin ba shi da wurin da za a rubuta mutumin da zamansa ciyawa ce da hanya. Wata safiya muka tashi rugar babu kowa, sai duwatsun murhu. An ce sun yi kudu, wajen dajin Falgore. Ba mu raka su ba, ba mu yi magana a kansu ba, kowa yana ta kansa. In ana maganar rikicin manoma da makiyaya a rediyo, ni duwatsun murhun nan nake gani.

Abin da ya tashe mu tsaye makabarta ce. Na samu ganin taswirar ta hannun wani abokin sana'a, na ga layin titi ya bi ta tsakiyarta, filin idi kuma an yanka shi fuloti goma sha biyu. A nan ne sana'ata ta yi mini rana sau ɗaya. Na san karatun taswira, na san abin da lambobin suke nufi. Na kai wa Mai Unguwa da Liman, aka yi shela bayan sallar Juma'a, aka koma gindin ceɗiyar nan da aka daɗe ba a zauna ba. Muka kafa ƙungiyar ci gaban gari, muka yi mata rajista, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, har mata masu ƙuli-ƙuli. Muka ɗauki lauya.

Lauyan ne ya fara karanta mana dokar nan ta 1978 da Hausa, kusan shekara talatin bayan an yi ta. A bakinsa muka ji cewa gwamna ne yake da ikon ayyana inda ya zama birni, kuma da zarar an ayyana, maganar fili ta bar hannun ƙaramar hukuma ta koma nasa. Muka ji cewa ba a karɓe wuri sai don amfanin jama'a, kuma sai an ba mai shi sanarwa. Muka ji cewa dokar ta hana kotu shiga maganar yawan diyya, sai dai a kai kuka gaban wani kwamitin da gwamnan ne da kansa yake naɗa shi. Muka ji kuma an ɗinke ta a jikin tsarin mulki, ba ta gyaruwa sai an bi hanyar gyara shi. Wani dattijo ya ce, "Wato wanda ya yanka shi ne mai rabo, shi ne kuma mai jin ƙara." Lauya ya ce kusan haka ne, amma maganar sanarwa ƙofa ce, mu bi ta nan.

Muka bi. Na auna makabartar da kaina, kabari-kabari inda ake iya ganewa, dattawa suna faɗin sunaye ana rubutawa. Muka haɗa da rasiɗan Baba da na wasu gidaje don a ga tun yaushe mutane suke wurin. Muka yi ta zarya, yau a ce shugaba ya fita, gobe a ce fayil ya hau sama. Ranar da katafila ta zo, ta tarar da mutanen gari zaune a kan tabarmi a bakin makabarta suna karatun Alƙur'ani, tsofaffi a gaba. Babu wanda ya ɗaga ko tsinke, mun yi wa matasa kashedi tun dare, don akwai masu tuna abin da ya faru da manoman Bakolori a 1980, da suka tare hanya a kan diyya aka buɗe musu wuta. Direban ya kashe inji ya sauko, ya zauna tare da mu. Bayan wata huɗu aka karkatar da titin. Filin idi rabi muka tsira da shi. Muka kewaye duka biyun da bulo, da kuɗinmu.

Baba ya rasu bayan wannan da shekara ɗaya. A makabartar aka sa shi, kusa da mahaifinsa.

Wannan 'yar tawa da ke rubutu lauya ta karanta a Jami'ar Bayero. Ita ta zo mini da labarin cewa abin da ya same mu yana da suna a duniya, kuma mutane da yawa suna fama da shi, daga jajayen mutanen Amurka zuwa 'yan asalin Ostireliya. Ta ce a Satumbar 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata sanarwa a kan haƙƙin 'yan asalin wuri, wadda ta ce ba a tashin su daga ƙasarsu sai an sanar da su tun da wuri, sun fahimta, sun kuma yarda ba tare da tilas ba, kuma suna da ikon tafiyar da al'amuransu ta hanyar shugabanninsu. Ƙasashe huɗu suka ƙi, Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand. Nijeriya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ƙaurace. Ta ba ni labarin Ogiek na ƙasar Kenya, mutanen daji masu cin zuma, da suka kai gwamnatinsu kotun Afirka da ke Arusha suka yi nasara a 2017. Ta kuma ce mu Hausawan gefen Kano ba lallai mu shiga wannan layin ba, don mu ne masu rinjaye a jiharmu, gwamna namu ne, harshen ofis ma namu ne. Waɗanda abin ya fi dacewa da su irin mutanen Abuja ne, da Ogoni, watakila da Maguzawan da ke kudancin Kano, waɗanda suka riƙe abin da aka bari tun zamanin Dala.

Na ce mata haka ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Mu ko ba komai muna da gwamnan da za mu kayar a akwati, da majalisar jiha. Mutanen tsohon nan na Abuja ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, minista ake naɗa musu, sanata ɗaya gare su, ƙasarsu kuma gaba ɗaya tsarin mulki ya ce ta gwamnatin tarayya ce. Amma gudumar iri ɗaya ce, ni na riƙe ta, na kuma ji ƙararta a gonarmu.

Wani abokina da na ba shi wannan labari ya ce in yi hankali, maganar 'yan asalin wuri ita ce take haddasa rikicin ɗan ƙasa da baƙo, ita ta ƙona garuruwa. Na ce ban ce a kori kowa ba. Kano tumbin giwa ce, unguwanni da yawa na cikin birni baƙi ne suka kafa su, sunayensu ma sun nuna, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi. Maƙwabcina na yanzu mutumin Okene ne, a fulotin da ya saya a tsohuwar gayaunata yake zaune, kuma shi ya fara kawo bulo ɗari lokacin katangar makabarta. Garinmu bai taɓa hana baƙo wuri ba. Baƙon ne dai yake fara zuwa gindin ceɗiya ya yi sallama.

Shekarun baya na je Abuja ɗaurin auren ɗan wani abokina. Na ce wa direba ya bi da ni ta wajen da nake zaton tudun nan yake. Na kasa gane shi. Gidaje ne masu dogayen katangu da waya a sama, da masu gadi. Na tsaya a bakin wani titi na karanta abin da ya sawwaƙa, ban san ma ko addininmu ɗaya da masu kabarin ba. Wani mai gadi ya leƙo ya ce, "Alhaji, wa kake nema?" Na ce wani tsoho ne, ya ce ba a san shi a layin nan ba.

Har yanzu ina awo, amma na sa wa kaina sharaɗi. Ba na sauke tef daga babur sai na ga Mai Unguwa, da maƙwabtan gona na kusurwa huɗu, da matan gidan ko wakilansu. In akwai burtali ko kabari ko rijiyar da jama'a ke sha, sai an fitar da shi kafin in buga turken farko. Dillalai sun ce na cika tsirfa. Makon jiya ma wani ya kira ni wajen Ungogo, na ce ina 'yan'uwa mata, ya ce suna gidan miji, me ya kawo su cikin maganar fili. Na naɗe tef ɗina. Kafin in tayar da babur na ji yana waya da wani mai awon.

Gwangwanin yana wurina yanzu. Akwai kuma turke guda na katako mai jan fenti a ka, wanda Baba ya tuge daga gonar da hannunsa ranar da aka gama ƙidaya, ya kawo gida ya kafa a tsakar gida. Na ce masa, "Baba, cire wannan laifi ne fa." Ya ce su zo su kama shi. A jikinsa muke ɗaure ragon layya kowace shekara.